Fuskar Eulalie a kan Tagulla

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris na 1913, Basile Quéré ya yi tarin jini a kan matattakalar bene, kuma a ranar ce ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa da takarda a hannu.

Malam Octave Delorme yana zaune gaban murhu da wani littafin Latin da ya karanta ya fi sau ashirin. Bai ɗago kai ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Malam."

"Ni ai ba suna ba ne."

"Basile ne. Buɗe mana, ƙafafuna ba sa ɗaukata."

Ya tashi ya buɗe. Basile na jingine da bango, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, yatsunsa baƙi ƙirin da tawadar da sabulu ya daɗe da sallamawa. Hannu ɗaya ya dunƙule hankici, ja yana leƙowa ta tsakanin yatsun. Ɗaya hannun yana riƙe da takarda mai kauri, a tsakanin kwali biyu, kamar wanda ya ɗauko jariri.

"Na gama ta," in ji shi.

"Wa ka gama?"

"Madam Eulalie."

"Ai Ubangiji ya riga ka. Yau wata goma sha huɗu ke nan."

Basile ya shiga, ya ture kofin kofi gefe, ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

Shekara goma sha tara suna hawa na biyar a wannan gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse a Faris, ƙofa na kallon ƙofa. Malam Octave ya koyar da Latin har ya yi ritaya. Shi kuwa Basile sassaƙar hoto a kan farantin tagulla ce sana'arsa: ya zana, ya barbaɗa garin ƙaro, ya tsoma farantin a ruwan asid ya ci inda ake so ya ci, sannan ya shafa tawada ya matse a kan takarda. Rayuwarsa duka waliyyan coci ya yi ta sassaƙawa don kalanda, da furanni don gwangwanin biskit. Sai da ya doshi sittin ya je wani baje kolin zane, ya ga aikin samarin nan da jaridu ke kira 'yan kubis, masu yanka fuskar mutum gunduwa-gunduwa su jera ta yadda suka ga dama. Ya dawo gida kamar wanda aka yi wa asiri. Malam Octave ya ce masa tsoho da rawar yara, ƙarshenta targaɗe.

Eulalie, matar Malam Octave, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. A damina ta ƙarshe da ta yi a duniya, duk la'asar ɗin da mijinta ya tafi ɗakin karatu, sai ta ɗauki mayafinta ta tsallaka ta zauna wa Basile, yana zana ta kai tsaye a kan tagullar. Da ta mutu bai daina ba. Shekara guda da wata biyu yana kan faranti ɗaya, taga a rufe don kada iska ta watsa garin ƙaron, yana shaƙar hayaƙin asid safe da yamma.

Ba wani hoton Eulalie a duniya sai wannan. Sau uku ta roƙi mijinta su je wurin mai ɗaukar hoto, sau uku yana ce mata hoto na sojoji ne da waɗanda 'yan sanda ke nema. Yanzu kuma fuskarta tana zame masa. Yana tuna hannayenta. Yana tuna ƙarar silifas ɗinta, da yadda take busa miya kafin ta kai baki. Amma in ya rufe ido ya nemi fuskar, sai ya ga abu kamar wasiƙar da ta faɗa ruwa. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ya haddace baiti dubu huɗu ba ya fita titi ya ce ya manta fuskar matarsa.

Ya sa tabarau ya sunkuya.

Toka-toka ne hoton, daga mai haske kamar hayaƙi zuwa baƙi kamar cikin rijiya. Goshi ya rabu uku. Hanci na kallon gefe, idanu na kallon gaba. Kunci ɗaya ya zama kusurwa mai kaifi, wuyan riga ya hau har kan haɓa. Wani abu ya motsa a ƙirjin Malam Octave, kamar ka ji muryar da ka sani a bayan bango ka kasa kama maganar. Sai idonsa ya sauka kan ɗan tabon da ke gira, wanda ta samu tun tana yarinya, da ta faɗo daga bishiyar tuffa. A hoton yana dama. Ya kama wannan kamar wanda ruwa ya ci aka miƙa masa takobi.

"Tabon nan a hagu yake."

"Na sani, Malam. Takarda ce ke juyawa. Abin da ke hagu a tagulla, in an matse, dama yake komawa. Ni kuwa ina kallonta nake zanawa, ban bi ta madubi ba. Zo ka ga tagullar, taku huɗu ne. A can tana nan yadda..."

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da yara. Na san muryar wanda bai yi aikin gida ba. Kullum ainihin aikin yana wani wuri."

"Ba hujja nake kawowa ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Kai ka zauna da ita shekara talatin da ɗaya. Ni ban da wanda zan tambaya. Ita ce, ko ba ita ba ce?"

Malam Octave ya cire tabarau, ya goge shi a hankali da gefen riga.

"Na taɓa ganin Eulalie ta saki tulun miya a kan wannan daɓen. Abin da ta share ta zubar ya fi wannan kama da ita."

Basile ya gyaɗa kai sau biyu. Ya juya ya fita, ya bar takardar a kan tebur. Malam Octave ya ɗauki babban ƙamus ya danne ta, wai don kada ta naɗe. Kullum da safe kuma, kafin ya sha kofi, sai ya ɗaga ƙamusun ya duba, ya mayar.

Bayan kwana shida ya gamu da Madam Tissot, mai tsaron gidan, a kan matattakala. Tana hawa da tukunyar miyar albasa, tana haki, tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro bene.

"Malam, kauce ko in ƙona maka wandon ranar Lahadi. Likita ya zo ya duba Basile ya tafi, ka ji?"

"Na ji takunsa. Kamar doki."

"Ya ce huhun ya zama kamar tsohon labule. Ya ce sati biyu, in an yi sa'a."

"Likitoci sun iya lissafi in dai ba za a tambaye su daga baya ba."

"Kai dai bakinka! Wallahi da ana sayar da irinsa a kantin magani, da ɓeraye sun ƙare a Faris. Mutumin nan tun jiya yake tambayarka. Me ka yi masa?"

"Gaskiya na gaya masa."

"To, Allah ya raba mu da gaskiyar masu ilimi. Marigayiya ma haka ta sha ta, har ta ƙoshi." Ta ɗora tukunyar a ƙugu. "Shiga ka gan shi. Ba cizo yake yi ba, haƙoran ma saura huɗu."

Ya shiga da la'asar, don kada a ce bai shiga ba.

Ɗakin yana warin asid da tawada da ciwo. Injin matsa hoto ya cinye rabin wurin, da babbar ƙafarsa kamar ta keken shanu. An jawo gadon kusa da taga. A kan teburin aiki, inda hannu zai iya kaiwa daga kujerar baƙo, akwai wani abu mai faɗin littafi a naɗe cikin tsohon bargo. Malam Octave ya san ko mene ne. Ya juya kujerar ya ba shi kafaɗa.

"Malam ya zo duba aikin gida," in ji Basile, yana murmushi. Muryarsa ta koma kamar ana jan takarda a kan yashi.

"Na zo in ga ko ka fasa wani abu kuma."

"Ƙarfin fasawa ya ƙare. Zauna sosai, kujerar ba ta cin mutum. A kanta take zama."

Malam Octave ya ji kamar an sa masa garwashi a ƙarƙashi, amma bai tashi ba. Ya dubi silin, ya dubi injin. Tambayar da ya yi wata goma sha huɗu yana haɗiyewa ta fito da kanta.

"Me take ce maka? Duk la'asar ɗin nan."

"Ba ta cika magana ba."

"To me kuke yi awa biyu?"

"Ni ina zane. Ita kuwa dariya take yi."

"Dariya."

"Wallahi. In na ce ta juya gefe ta kuma kalle ni a lokaci ɗaya, sai ta ce, 'Basile, ni ba kaza ba ce.' Ta yi ta dariya har tari ya kama ta. Wata rana ta kwaikwayi yadda kake gyara wa mai burodi magana. Har da tabarau. Na kusa zubar da asid."

Malam Octave ya nemi ranar ƙarshe da ya ji dariyar matarsa. Ya koma baya shekara biyar, ya koma goma. Ya tarar da ita a wani lambu, tana sanye da hula mai shuɗin zare, kafin gashinta ya fara fari. Ashe dariyar ba mutuwa ta yi ba. Ƙaura ta yi, taku huɗu.

"Madalla," ya ce. "Ashe gidan wasa nake maƙwabtaka da shi."

"Kada ka ɗauke shi haka. Ba abin da ya shiga tsakaninmu sai tebur. Zancenka take yi in ta yi zance." Basile ya yi tari mai tsawo, ya duba hankicin, ya ɓoye. "Saurara, Malam, lokaci ya ƙure min. A sana'armu akwai ƙa'ida. Farantin da bai fito daidai ba, ba a barinsa a baya wani ya zo ya yi ta bugawa da sunanka. Kashe shi ake yi. A ɗauki ƙarfen sassaƙa a ja layi biyu masu zurfi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Na bar waliyyai ɗari uku a duniya, ba wanda na taɓa gani da idona. Wannan kaɗai na gani. In ita ce, a bar shi, a buga, ta daɗe bayanmu. In ba ita ba ce, ba zan bar ƙarya da sunanta ba. Ga shi nan bayanka. Ɗaga bargon kawai."

Malam Octave ya ji farantin a bayan kafaɗarsa kamar yadda ake jin murhu. Ba tsoron ya ɗaga ya ga shirme yake yi ba. Tsoronsa ya ɗaga ya ga Eulalie. In ita ce, to mai zanen gwangwanin biskit, wanda ko wasiƙa bai iya rubutawa ba tare da kuskure bakwai ba, ya ga abin da shi ya zauna kusa da shi shekara talatin da ɗaya bai gani ba. Kuma sai ya faɗa da bakinsa.

"Ba na buƙatar in leƙa tukunya in san miya ta lalace. Na ɗanɗana."

"Malam, don girman Allah."

"Ka tambaye ni, na amsa. Kai ne mai ƙa'ida. Bi ƙa'idarka."

Basile ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a idon, abin da ya fi ba Malam Octave haushi ke nan.

"Ta ce min haka za ka ce," in ji shi a hankali. "Ta ce amma in ba ka lokaci, kana zuwa daga baya. Ta ce kullum daga baya kake zuwa."

Malam Octave ya tashi, ya gyara kujerar, ya fita.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe uku na rana, yana zaune da littafinsa sai ya ji motsi ta bango. An ja kujera. Wani abu mai nauyi ya sauka kan tebur. Shiru. Sannan ƙarar ta zo: ƙarfe a kan tagulla, doguwa, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, kamar ana jan ƙusa a kan haƙori.

Layi ɗaya.

Sai tari. Tarin ya daɗe har Malam Octave ya ajiye littafin. Ya miƙe. Ya je bakin ƙofarsa, ya kama mariƙin. Layi ɗaya ai ba kisa ba ne, ya gaya wa kansa. Ya taɓa jin Basile na cewa ana iya goge kuskure a daddale wurin. Taku huɗu ne. Amma me zai ce in ya shiga? Ya tsaya yana shirya jimlar, yana neman wadda za ta hana aikin ba tare da ta nuna ya janye maganarsa ba. Ya samo ɗaya, ya ga ta yi laushi. Ya samo wata, ya ga ta yi tsawo. Yana cikin gyara ta uku tarin ya lafa.

Ƙarar ta sake tashi, daga ɗaya kusurwar.

Ya saki mariƙin. Ya koma ya zauna, ya nemo shafin da yake, ya karanta shi har ƙasa. Ko kalma ɗaya bai tsallake ba.

Da safiyar Asabar Madam Tissot ta buga masa ƙofa da gwiwar hannu.

"Ya tafi. Ina ba shi ruwa a cokali, ya kauda kai, shi ke nan. Na aika wa 'yar'uwarsa waya can ƙauyensu, sai gobe za ta iso. Sa baƙar rigarka ka zo ka zauna da shi, ni ina da matattakalar hawa biyar da zan wanke. Ba a barin mamaci shi kaɗai, ko a littattafanka na san an rubuta wannan."

"Ya bar wata magana?"

"Ya ce a ba kyanwar mai gawayi sauran madarar. Me kake jira, ya bar maka wa'azi?"

Ta riga ta yi abin da ake yi. Ta tsayar da agogo, ta rufe madubi da tawul, ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, ta kunna kyandir biyu duk da rana ta fito. Ta yi ƙoƙarin wanke yatsun, tawadar ta ƙi. Suna nan baƙi a kan farin zanen gado, an sarƙe su da carbi. Ta ja ƙofa ta sauka, ana jin bokitinta yana bugun matattakala.

Malam Octave ya zauna a kujerar. Farantin yana kan tebur, ba bargo. Ƙarfen sassaƙar na gefensa, da 'yan siraran zaren tagulla da suka naɗe kamar gashi.

Ya yi minti goma yana kallon injin. Sannan ya miƙa hannu.

Ya fi yadda ya zata nauyi, da sanyi. Da fari bai ga komai ba sai jan ƙarfe da layi biyu masu ƙyalli da suka gicciye shi. Ya matsa kusa da taga, ya karkata shi kaɗan. Haske ya kwanta a kansa, ya shiga ramukan da asid ya ci.

Tabon yana hagu. Kan ya karkata hagu, yadda take karkata shi in ya fara dogon bayani a kan tebur. Ga gefen fuskar da ya sani, wanda yake gani ta wutsiyar ido duk daren Allah yana cin abinci da littafi a gabansa: hancin, da kuncin da ya faɗa. Ga kuma ɗaya fuskar a cikin ta farkon, tana kallonsa gaba da gaba, ido biyu a buɗe, gefen baki ya ɗan ɗaga, dariya na gab da kuɓucewa. Ba sai ya rufe ido ya nema ba. Ga ta nan duka, har da abin da bai taɓa juyowa ya kalla ba.

Layin farko ya bi ta goshi ya fita ta haɓa, yana rawa, inda hannun ya gaji. Na biyu ya miƙe sak, ya fi zurfi, ya ratsa ta tsakiyar bakin.

Ya sa babban yatsa a kan layin na biyu ya murza, kamar tabon alli ne. Bakin ƙarfen ya yanke shi. Bai ji ba sai da ya ga jini.

Ya juya wajen gadon da farantin a ƙirji. Kalma biyu ce, ba ta buƙatar gyara. Ita ce. Ya buɗe baki, ya matsa taku ɗaya, har inuwarsa ta hau kan zanen gadon. Basile na kwance da ƙyallensa a haɓa, an toshe masa kunnuwa da auduga.

A ƙasa Madam Tissot ta watsa ruwa a matattakala, ta fara gogewa.